Wata tara a makarantar zane da ɗinki: abin da na samu da abin da nake bin su

Leshin wata amarya ne ya kai ni makarantar. Shekara shida ina ɗinki a gida, a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, da keken Butterfly da Inna ta saka mini a kayan ɗaki. Wajen wata maƙwabciya na koya, irin koyon nan na zauna ki gani. Ta shimfiɗa atamfa a tabarma, ta ninka huɗu, ta ja alli, almakashi ya bi. Ni ma haka na riƙa yi, kuma ba laifi, ina samun na sabulu da na zubin adashe. Sai aka kawo mini leshin fitar biki, yadi biyar, wanda kuɗinsa ya fi abin da nake samu a wata biyu. Amaryar mai cikar ƙirji ce. Na auna ta yadda na saba, awo shida, na yanka na ɗinka. Ranar da ta zo gwadawa gaban rigar ya ɗage sama, bayan kuma ya zubo. Na farke na sake, na ƙara farkewa, har bakin leshin ya fara tsefewa. Uwar amarya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi jin sauƙi. Cewa ta yi, "Ba komi ɗiyata, Allah shi sa iyakar hasarar ke nan," ta naɗe kayanta ta tafi. Kwana uku ban hau keke ba.

Ba zan kama sunan makarantar ba, don cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, kuma ni da mai wurin har gobe muna haɗuwa a biki da suna. A saman wani bene take wajen Gesse, ɗaki biyu da baranda. Matar da ta buɗe ta, wadda kowa ke kira Anti, a Kaduna da Legas ta koyo aikin. A takardar tallarsu an rubuta cewa za a ɗauko ki tun daga tunanin riga a kai ki har yadda za ki sayar da ita. Da wannan alkawarin nasu zan auna su, ba da wani mudu daban ba.

Na shiga a Oktoban 2024, na gama a Yunin 2025. Naira dubu 180 ne, biya uku. Maigida ya ɗauki biyu, na ukun tunkiyata ce ta tafi. Kayan aiki ba sa cikin wannan kuɗin, kuma ba wanda ya gaya mini sai da na riga na sa ƙafa: takardar yanka, akoko na gwaji, rula mai lanƙwasa, fensir, zare, yadin aikin ƙarshe. Na riƙa rubutawa a bayan littafina, ranar da na tara sai ga dubu 90 da ɗoriya, ban da kuɗin napep kullum. Duk mai shirin shiga ta sa wannan a lissafi tun daga gida, kada ta je ta tsaya tana kame-kame a gaban mai gidanta kamar yadda na yi.

Ranar farko Anti ta ce kowa ta ajiye waya a jaka. Mu goma sha huɗu ne, kuma na tabbata kowaccenmu akwai hoton riga ɗari a wayarta, irin waɗanda masu kawo ɗinki ke turowa su ce "irin wannan nake so." Ta ce wadda ta zo don ta koyi kwafar hoto ta karɓi kuɗinta tun ba a taɓa shi ba. Ta ba mu littafi mai farar takarda, ta ce mako biyu mu riƙa tara duk abin da ya ɗauki idonmu, da sharaɗi ɗaya, kada ya zama tufafi. Wata ta kawo faifai. Wata ta liƙa ganyen shinkafa da ta tsinko a fadama. Wata yarinya 'yar Zuru ta zano tsagar fuskar kakarta. Ni kuwa mako guda littafina fari fat, har na fara cewa a raina an ci kuɗina, ni ɗinki na zo koyo ba liƙe-liƙe ba.

Hira da Inna ce ta buɗe mini kai. Ita Bakabiya ce, a Argungu aka haife ta, kuma ta kai mu kallon bikin kamun kifi na Maris ɗin 2020, wanda aka yi bayan an daɗe ba a yi ba. Tana cikin labarin yadda tun 1934 ake wannan taro, sai na tuna abin da ya tsaya mini a ido a bakin Matan Fada. Ba kifin ba ne. Lokacin nan ne da masunta suka sheƙo a guje, kowa da homa a hannu biyu, sun ware su kamar fukafukai, ga gora na rawa a baya. Washegari na zana homa guda a littafin, na liƙa ɓallin tsohuwar ƙwarya don launi. Anti ta duba ta ce, "To, ga hannun riga nan kin samu. Saura jiki." Daga wannan rana na daina ganin darasin a matsayin wasa.

Zane ya biyo baya, kuma a nan ina da ƙorafi. Mako uku muka yi muna zana wata doguwar mace da ake auna tsayinta da kanta sau tara, ba ido ba hanci, don Anti ta san da yawanmu ba za su yarda su zana fuska ba. Mutum na gaske tsayinsa bai fi kansa bakwai da rabi ba, ko takwas in ya yi tsawo. Na ce mata, "Anti, ni fa duk masu kawo mini ɗinki babu mai wannan ƙirar." Ta yi dariya ta ce haka masu zane ke yi ko'ina don rigar ta fito. Na yarda, amma mako ɗaya ya isa. Zanen da ya amfane ni shi ne na biyun, wanda ake zana rigar a shimfiɗe, gaba da baya, a nuna kowane layin ɗinki da inda zif zai zauna da yawan maɓalli. Shi ne wanda za ki miƙa wa wani tela ya karanta ba sai kin yi baki ba. Kwana huɗu kacal aka ba shi.

Sai awo, kuma a nan ne kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu. Ni da na saba da awo shida, sai ga Anti da fiye da ashirin. Kafin ta ɗora tef sai ta ɗaura siririn zare a ƙugun wadda za a auna, ta ce ta sunkuya dama da hagu har zaren ya sami mazauninsa, don daga nan ake ƙirga komai. Kafaɗa, faɗin baya, faɗin gaba, ƙirji, ƙarƙashin ƙirji, tazarar da ke tsakanin kan ƙirjin biyu, zagayen hammata, damtse, gwiwar hannu. Sannan ta auna daga gindin wuya zuwa zaren ta baya, ta sake aunawa ta gaba, tef ɗin ya bi ta kan ƙirji. Ta rubuta lambobin biyu a allo. Na gaba ya ɗara na baya da kusan inci biyu. Ta ce gwargwadon cikar mace gwargwadon wannan bambanci, kuma shi ne ake tattarewa a cusa cikin dat, wato ɗan ninkin nan mai tsini da ake ɗinkewa don riga ta bi jiki. Wadda ta yanka gaba da baya tsayi ɗaya, rigar za ta ɗage ta gaba ko da wane irin keke aka ɗinka ta.

Ban san lokacin da na ce "innalillahi" a fili ba. Leshin amarya ke nan. Inci biyu ne suka zubar mini da mutunci, shekara shida ba wanda ya taɓa gaya mini.

Wata uku muka yi a kan fatan, wato takardar da ake yankawa a siffar kowane ɓangare na riga kafin a taɓa yadi. Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da na biya kuɗi dominsa, shi ne wannan. Kowa ta fitar da uwar fatan daga awon abokiyar zamanta: gaba, baya, hannu, siket. Daga ita ake haifar da sauran. Ranar da Anti ta nuna mana yadda ake matsar da dat, ta tsaga takardar daga kafaɗa zuwa kan ƙirji, ta rufe dat ɗin ƙugu, sai na kafaɗa ya buɗe da kansa, ajin ya yi tsit. Cikar ba ta ɓace ba, wuri kawai ta sauya. Za ki iya kai ta hammata, ko wuya, ko ki mayar da ita tattara, ko ki ɓoye ta cikin dogon layin nan da ke saukowa daga kafaɗa har ƙasa. Duk hotunan da ke wayata, waɗanda nake kallo kamar aikin aljanu, sai na ga ashe takarda ɗaya ce ake juyawa.

Har lissafin da na gudu na bari a sakandare ya biyo ni. Siket mai cikakken zagaye, ana raba awon ƙugu da 6.28 a sami inda za a kafa tef a zagaya. Ƙugu mai inci 32 ya ba da biyar da ɗigo ɗaya. Da can da faranti nake zana wannan zagayen, in ya yi yawa in tattare, in ya yi kaɗan in ƙara ƙyalle in yi shiru.

Akwai wani dattijon tela da ke zuwa Talata da Alhamis, muna ce masa Malam. Shi ke koyar da kayan maza, kaftani da wuyan jamfa da aljihu, da gyaran keke. Shi da Anti ba sa jituwa a kan takarda. Yakan tsaya yana kallonmu muna fama da rula, ya girgiza kai ya ce, "Ido ba mudu ba, ya san kima." Anti ta ce, "Malam, idonka shekara arba'in ya yi yana awo, su wata tara gare su." Kuma gaskiya ce, na ga ya yanka shadda yadi biyar ba alli ba komai, kafaɗa ta zauna daram. Amma ya kasa gaya mana yadda ya yi. Abin a hannunsa yake, ba a bakinsa ba.

Inda ba a kama ƙafarsa shi ne keke da dutsen guga. Wata rana zarena na ta cukurkuɗewa ta ƙasa, na buɗe kwalbar zaren ƙasa ina ta juya ƙusa. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗiyata, mi kika taɓa nan? Wanga ba laifin ƙasa ba na. In kin ga ɓarna ƙasa, duba bisa." Ya zare zaren sama, ya ɗaga ƙafar keke ya sake zura shi, shi ke nan. Shi ya koya mana cewa allura lamba-lamba ce: 11 ga yadi mai santsi marar kauri, 14 ga atamfa, 16 ga mai tauri. Ni da allura ɗaya nake ɗinka komai sai ranar da ta karye. Kuma ba ya yarda a haɗa layi biyu ba a goge na farko ba. Duk ɗinkin da kika yi, ki tashi ki buɗe shi da dutsen guga kafin ki ci gaba. Da farko na ga ɓata lokaci ne, har na jera riga biyu, wadda aka goge layi-layi da wadda aka goge a ƙarshe. Ko makaho ya shafa zai bambance.

Darasin yadi a babbar kasuwa aka yi shi, Anti a gaba muna biye kamar 'yan rakiyar amarya. Ta sa aka sauko da atamfar Holan ta Vlisco da wata mai kama da ita, ta juya bayansu. Ta gasken launinta ya ratsa har baya, ɗayar bayanta ya koɗe. Ta nuna mana shaddar Getzner da ake yi a Ostiriya da waɗanda ake buga wa suna irin nata. Mai shagon ya ce yawancin kayansa daga Kantin Kwari yake saro su. Da muka dawo ta kunna ashana a baranda. Zaren auduga ya ci wuta kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Na roba ya narke ya dunƙule, yana warin leda. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin sani ba ne, musamman a shafi. Mu teloli mun saba mu sayi shafi mafi araha mu cusa a ƙarƙashin atamfar auduga, mai riga ta je biki ta dahu, ta ce atamfar ce.

Ta kuma ja mana kunne a kan fuskar zane. Turmin atamfa yadi shida ne, amma in zanen mai kai da ƙafa ne, tsuntsu ko fure mai kara, ba za ki juya fatan yadda kika ga dama don tsimin yadi ba. Wata a cikinmu ta gama riga tsaf, tsuntsayen gaba na tashi sama, na baya suna faɗowa ƙasa. Har muka gama ana tsokanarta.

Yanzu rigata ta aikin ƙarshe. Na ɗauki fatan ɗin hannu na tsaga shi gida takwas daga ƙasa, na baza, ya buɗe kamar homa. Anti ba ta bari a taɓa yadin gaske sai an ɗinka gwaji da akoko, kuma tana da jarrabawa uku da kowace riga za ta ci kafin ta sa hannu: a yi alwala da ita, a zauna zaman tahiya da ita, a hau napep da ita. Ban ji wannan a bakin kowa ba sai ita, kuma shi ya sa na yarda cewa matar ta san garin da take. Ƙanwata ce mai gwada mini. Gwajin farko ta kasa ɗaga hannu, tana ɗagawa rigar duka ta biyo. Ni a tunanina in aka zurfafa hammata an fi sakewa. Ashe akasin haka ne, hammata in ta sauka ƙasa da yawa ita ke ɗaure hannu. Na ɗaga ta da inci ɗaya. Anti ta koya mana karanta tamojin yadi a jiki: in layukan sun kwanta a gicciye wurin ya matse, in sun sauko a tsaye yadi ya yi yawa, in sun karkace ki bi su da ido, za su kai ki inda matsalar take.

Gwaji na biyu jiki ya zauna, na ɗauka na gama. Na kai gida ina taƙama. Inna ta sa ƙanwata ta juya sau biyu, ta kama bakin hannun ta ɗaga, ta ce, "Wagga riga da wane hannu za a ci tuwo?" Aka kawo buta, ƙanwata ta naɗe hannun, kafin ta kai gwiwa ya zubo cikin ruwa. Kwana biyu ina tunani. Ƙarshe na ɗinka siririn maɗauri ta ciki da maɓalli a kafaɗa, in an naɗe a maƙale. Gwaji na uku ya wuce. Sannan na yanka yadin auduga mai launin gora, na kai wa wani yaro a kasuwa ya yi mini surfani mai ramin raga da zare ruwan ƙasa a kan hannuwan kawai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Keken wuta biyar ne a makarantar, irin Juki na masana'anta, amma ban taɓa ganin biyar ɗin suna aiki rana ɗaya ba. Uku ne, wani lokaci biyu, ga mutum goma sha huɗu. Keken wibin, mai ɗaure bakin yadi kada ya tsefe, guda ɗaya, layi ake bi. In an ɗauke wuta ba a tayar da janareta sai in akwai aikin kwastoma a ƙasa, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba, litar fetur ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. Sai dai an karɓi kuɗinmu a kan za mu koyi keken wuta. Tsofaffin kekunan ƙafa huɗu da ke baranda su suka rufa mana asiri. Ni ban sha wahala ba tunda ƙafata ta saba, amma yara uku da suka zo ba su taɓa hawa keke ba, biyu sun gama wata tara layinsu bai miƙe ba. Ɗaya ta daina zuwa tun Janairu.

Babban abin da ya ɓata mini rai shi ne azumi. An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah 30 ga wata. Tun mako guda kafin azumi darasi ya tsaya cak ba tare da an ce ya tsaya ba. Ɗinkin Sallar kwastomomin Anti ya cika ɗakin, muka koma masu kalmasa da saka zif da manna duwatsu, ga zafi ga ƙishirwa ga fanka ɗaya. Mako biyar na ƙirga. Ba zan ce ban ƙaru ba. Na ga yadda ake tafiyar da shago in aiki ya yi yawa, kowane ɗinki da 'yar takardarsa a maƙale, da ƙyallen yadin, da awo, da ranar karɓa, da abin da aka biya. Hannuna kuma ya yi sauri. Amma almajirin da ke yi wa maigidansa aiki ba ya biyan dubu 180. Da na yi magana Anti ta ce wannan ma karatu ne, kuma za a rama mana. Kafin a rama, Babbar Sallah ta ƙarato, 6 ga Yuni, aka sake komawa gidan jiya.

Abin da ya tafi a wannan rami shi ne ƙarshen alkawarin, wato talla da kasuwa. Wata biyu aka rubuta a takarda, zama uku muka samu. Wani saurayi ya zo ya koya mana ɗaukar hoto da waya, kuma ya san aikinsa: a goge idon kyamara, a nemi bango marar tarkace, a ɗauka da hantsi a inuwa, kada a kunna fitilar waya, a ɗauki gaba da baya da kusa-kusa inda aikin hannu yake. Ya ce gajeren bidiyo da mai riga ke juyawa ya fi hoto goma a Instagram da TikTok. Abin da bai yi tunani a kai ba shi ne wa za ta sa rigar. Yawancinmu ba mai mijin da zai yarda fuskarta ta hau intanet, iyaye ma haka. Mu muka warware wa kanmu, a yanke hoton daga wuya, ko a sa wa mutum-mutumi marar kai, irin wanda shaguna da yawa suka koma amfani da shi, tun ma da Hisbar Kano ta hana kafa mai kai a 2021. An ambaci rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC a cikin minti biyar, aka wuce. Yadda ake ƙara wa fatan girma daga lamba zuwa lamba, wanda sai da shi za ki ɗinka riga ki ajiye ta jira mai saye, rana ɗaya aka taɓa shi, ban fahimci komai ba.

Zama ɗaya aka yi a kan sa farashi, kuma da za a ba ni zaɓi da na musanya shi da duk makonnin doguwar mace mai kai tara. Anti ta sa na karanto abin da rigata ta ci. Yadi huɗu, dubu 18. Shafin auduga, dubu 3. Zif da zare da gam da maɓalli, 2,500. Surfani, dubu 6. Gawayin guga da mai, dubu 2. Zirga-zirgar kasuwa, 1,500. Jimla dubu 33. Ta ce nawa zan sayar, na ce dubu 40, ina ganin na tsuga. Ta ce awa nawa na yi a kanta. Na duba littafi, awa 19, ban da gwaji. Ta ce, "Wato guminki na awa ɗaya bai kai naira 400 ba. Ko ruwan sanyi kike sayarwa a tasha kin fi haka." Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa na tuna shekara shida ina karɓar abin da aka ga dama aka ba ni, har da godiya. Ta kuma ce kada mu sa almakashi a yadi sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, ko da 'yar uwa ce. Wannan har yau da 'yan uwa ban iya ba.

Bikin gamawa a tsakar gidan Anti aka yi, mata zalla, ƙannenmu suka sa kayan suka zagaya. Takardar shaida kuwa an ce tana wajen mai bugawa, har yau da nake rubutun nan tana can.

Na sa bidiyon rigar a matsayina na WhatsApp, ba Instagram ɗin da aka koya mana ba, don a can mutanena suke. Wata ƙawar yayata ta tura wa wata mata a Jega. Na ce dubu 60, muka daidaita a 55, ta turo rabi. Ta fi ƙanwata jiki nesa ba kusa ba, don haka sai da na sake fitar da jikin rigar daga farko. Telarta ta can ta auna ta ina kallo ta kiran bidiyo, ina cewa a ɗaura zare a ƙugu, a auna gaba daban baya daban. Inci biyu da rabi ne bambancin. Awa 13 ta ɗauke ni. Na ba direba a tasha da safe, da la'asar ta turo hoto ta naɗe hannun ta maƙale maɓallin, tana riƙe da buta.

Ƙanwata yanzu ta matsa ita ma sai ta shiga. Na ce ta fara wata shida a kan Butterfly ɗina har layinta ya miƙe, sannan mu je tare. Zan ce a kunna mini kowane keke in gani da idona, a rubuta mini kuɗin kayan aiki a takarda, kuma a gaya mini ƙarara me ɗalibai za su yi a watan azumi. In an amsa, zan biya mata kashin farko da kuɗin rigar Jega.